Me Ya Kayar Da Wakiliyar Mazaɓar Tetu?

Daga Wakilinmu

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, in mutum ya kasa kunne ga masu neman kujerar majalisa, zai ji kusan bakinsu ɗaya. Kowa zai kyautata zaman iyali, kowa zai kare muhalli, kowa zai gyara asibiti da makaranta da famfo. Ana jera abubuwan nan a takardar manufa kamar yadda mai tebur ke jera sabulu da ashana da sukari, kowanne da gurbinsa, ba abin da ya haɗa shi da ɗan'uwansa. Mu kuwa masu jefa ƙuri'a mun ji su har sun daina shiga kunnenmu. Shi ya sa na ga ya kamata yau mu leƙa ƙasar Kenya, domin a can an taɓa yin wakiliya wadda ta ɗauki alkawuran nan da gaske, ta kuma nace a kan cewa duk abu ɗaya ne. Mutanen mazaɓarta sun zaɓe ta cikin watan Disamba na 2002 da kashi 98 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa. Tana bisa kujerar aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Bayan shekara biyar, mutanen nan dai su ne suka kayar da ita.

Sunan wannan baiwar Allah Farfesa Wangari Maathai, mazaɓar kuwa ita ce Tetu, cikin yankin Nyeri, a gangaren duwatsun Aberdare. A nan aka haife ta cikin 1940, a wani ƙauye mai suna Ihithe. Ta yi karatu a Amurka, ta komo gida, cikin 1971 ta sami digirin dakta a Jami'ar Nairobi, ta zama mace ta farko da ta kai wannan matsayi a gabashi da tsakiyar Afirka. Amma ba takardunta za mu tsaya dubawa ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, alkawarin ɗan siyasa ne ya fara tura ta ga dashen itace. Cikin 1974 mijinta na wancan lokaci, Mwangi Mathai, ya nemi kujerar Lang'ata a birnin Nairobi, ya yi wa marasa aikin yi alkawarin aiki, ya kuma ci zaɓe. Ita da a ke faɗin wannan magana a gabanta, sai abin ya tsaya mata a rai, ta kafa wani ɗan kamfani don a ɗauki mutane su riƙa renon itatuwa da gyaran lambunan gidaje. Kamfanin bai yi nisa ba ya durƙushe saboda rashin kuɗi. Amma kunyar alkawarin nan ba ta sake ta ba har ranar da ta shiga majalisa da ƙafarta, bayan shekara 28.

Inda ta yi karatun na gaske shi ne Majalisar Matan Kenya ta Ƙasa, wadda daga baya ta shugabanta daga 1981 zuwa 1987. Matan karkara masu zuwa taron majalisar ba kukan muhalli su ke kawowa ba, wannan kalma ta 'yan boko ce (mu ma a nan, da can in an ce muhalli wurin zama kaɗai a ke nufi). Kukansu shi ne itacen girki ya yi nisa, ƙoramar da su ke ɗiban ruwa ta ƙafe ko ta koma jar laka, yara kuma sai ramewa su ke yi. Da ta bi diddigin maganar sai ta tarar duk saiwa ɗaya ce. An sare daji an shuka ganyen shayi da kofi don sayarwa ƙasashen waje. Gonar abinci ta ragu, itace ya yi wuya. Matar da ba ta da isasshen itace ba za ta ɗora masara da wake ba, tun da ya ke suna son wuta mai daɗewa, sai ta koma ga burodi da farar shinkafa da garin masara, masu nuna nan da nan. Ciki ya cika, jiki bai samu ba. Yaron da ya tashi a haka shi ne zai cika layin asibiti, yarinyar da ta wuni neman itace kuwa ita ce za a kira sunanta a aji a ji shiru. Ashe ke nan kasafin kuɗin Ma'aikatar Lafiya da na Ma'aikatar Ilmi tun daga bakin murhu a ke fara rubuta su, masu rubutawar ne ba su lura ba.

Ran 5 ga watan Yuni 1977 aka dasa itatuwa bakwai a filin Kamukunji na Nairobi, daga nan aka sami ƙungiyar da a ke kira Green Belt Movement, watau ƙungiyar yi wa ƙasa ɗamara da itatuwa. Dabararta ba ta da wuyar ganewa. Mata su tsinto iri a dajin da ke kusa da su, su rene shi a fasassun tukwane da gwangwanaye, su raba wa maƙwabta a dasa a gona da bakin gida da harabar makaranta, a biya su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowane dashe. Amma fa ba ranar dashe a ke biya ba, sai bayan an komo an ga itacen ya kama. Wanda duk ya taɓa halartar bikin dashen itace irin namu, inda babban baƙo zai riƙe shebur mai ɗaure da kintinkiri, a ɗauki hoto, a watse, akuya ta zo ta ƙarasa aikin kafin la'asar, ya san amfanin wannan sharaɗi. Ya zuwa 2004 ƙungiyar ta dasa itatuwa wajen miliyan 30.

Wannan aiki ne ya haɗa ta da gwamnatin Shugaba Daniel arap Moi, domin wanda ke dashe tilas wata rana ya tambayi wanda ke sara. Cikin 1989 aka shirya gina bene mai hawa 60 a dandalin shaƙatawa na Uhuru, tsakiyar Nairobi, inda talakan birni ke kai 'ya'yansa su sha iska ba da ko sisi ba. Ta yi ta rubuta wasiƙu zuwa ga hukumomi da jaridu da masu shirin ba da rancen kuɗin. Majalisar dokokin ƙasar, wadda aikinta ne ta yi wannan tambaya, sai ta ɓata lokacinta wajen zaginta da yi mata gorin mutuwar aure. Aka kori ƙungiyarta daga ofishin gwamnati da ta ke zaune, ta kwashe ma'aikatanta ta kai su gidanta. Masu kuɗin suka janye, benen bai tashi ba. Cikin watan Janairu na 1999 kuma masu gadi suka fasa mata kai a dajin Karura, wanda a ke yankawa a asirce ana raba wa na kusa da gwamnati. Sau biyu ta nemi shiga majalisa kafin ta dace. Cikin 1982 ta ajiye aikinta na jami'a don ta tsaya, aka hana ta takara, jami'ar kuma ta ƙi mayar da ita. Cikin 1997 ta tsaya ta faɗi. Saboda haka ƙuri'un 2002 ba na baƙuwa ba ne. Mutanen Tetu sun san wadda suka zaɓa, sun san abin da ta sa gaba.

To, me ta tarar a ciki? Sabon Shugaban Ƙasa, Mwai Kibaki, ya naɗa ta mataimakiyar ministan muhalli da albarkatun ƙasa cikin watan Janairu na 2003. Ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan shafi sun san ma'anar irin wannan muƙami: akwai mota, akwai ofis, amma ba a zama da kai a majalisar ministoci, takardar da ka rubuta kuma sai wani ya ga dama ta wuce. Duk da haka ta yi amfani da shi wajen maimaita magana ɗaya wadda, a ganina, ita ce mafi nauyi cikin duk abin da ta faɗa. Manyan kogunan Kenya daga dazuzzukan tuddai biyar su ke tasowa: Dutsen Kenya, da Aberdare, da Mau, da Cherangani, da Dutsen Elgon. Kogin Tana, wanda madatsunsa ke ba ƙasar mafi yawan wutar lantarkinta a wancan zamani, daga biyun farko ya ke samun ruwa. Mafi yawan ruwan famfon Nairobi daga madatsar Ndakaini ya ke zuwa, ita kuwa ƙoramun Aberdare ke cika ta. Cikin shekarar 2000 fari ya sa madatsun lantarki suka ja baya, aka shiga rabon wuta, masana'antu suka rage aiki. Duk da wannan gargaɗi, cikin 2001 gwamnatin Moi ta ba da sanarwar yanke fiye da eka 160,000 daga gandun dajin ƙasar. Wanda ya ce zai ba jama'a ruwa da wuta alhali yana raba dajin da ke tara ruwan, ya yi daidai da mai alkawarin nono bayan ya sa saniyar a kasuwa.

Cikin 2005 majalisar ta zartar da sabuwar dokar gandun daji. Ba zan ce ita kaɗai ta yi ta ba, doka ba ta da uwa ɗaya, amma abin da ta shekara da shekaru tana shan duka a kansa yana ciki. A da, sa hannun minista da sanarwa a jaridar gwamnati sun isa a fitar da yanki daga gandun daji. Sabuwar dokar ta ce sai da yardar majalisa, ta kuma ba mazauna gefen daji damar kafa ƙungiyoyi su shiga cikin kula da shi. Wannan shi ne ainihin aikin ɗan majalisa, watau ya toshe ƙofar da ɓarna ke shigowa, ko yana nan ko ba ya nan. Sai dai kuma aiki ne da ba a iya rubuta sunan mutum a jikinsa da fenti.

Abin da a ke iya rubuta suna a jikinsa shi ma ya zo a shekarar da ta shiga majalisa. Cikin 2003 aka kafa asusun raya mazaɓu, aka ware masa kashi biyu da rabi cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati. Kashi uku cikin huɗu a raba daidai tsakanin mazaɓu 210, sauran kuma bisa ga yawan talauci. Ɗan majalisa ne ke da babbar murya wajen naɗa kwamitin da zai kashe kuɗin, kowa kuwa ya san inda irin wannan ke kaiwa: ƙanin mata ya zama ma'aji, abokin siyasa ya zama ɗan kwangila. Ita, kamar yadda ta bayyana a littafin da ta wallafa cikin 2009, sai ta mayar da abin ƙasa, ta sa ƙananan gundumomi su zaɓi wakilansu, su zauna su jera buƙatunsu, su faɗi wanda za a fara da shi. Buƙata kuwa ta yi yawa a lokacin, domin a watan Janairun 2003 ne gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare, yara fiye da miliyan ɗaya suka kwararo cikin azuzuwan da ba a ƙara ko ɗaya ba. Hanyar da ta bi ita ce ta gaskiya, amma tana da tsada ga ɗan siyasa. Ajin da jama'a suka zaɓa suka tsaya a kan gininsa nasu ne, ba wanda za su yi wa godiya. A ƙasar da aka saba da harambe, watau taron gudummawa inda ɗan majalisa ke miƙewa ya faɗi abin da ya bayar a tafa masa, wakilin da ke kiran taron kwamiti maimakon ya sa hannu a aljihu sai a ɗauke shi marowaci.

Yanzu bari mu zo ga inda na ke ganin ita ma tana da nata laifi, domin wannan shafi ba na yabon matattu ba ne. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka akwai wani tsari a Kenya da a ke kira shamba, kalmar da ke nufin gona a harshen Suwahili. Hukumar daji za ta ba manomi marar ƙasa fili cikin gandun daji, ya shuka masara da dankali tsakanin ƙananan itatuwan katako, ya yi musu noma har su yi inuwa, sa'an nan a matsar da shi gaba. Hukuma ta sami lebura kyauta, manomi ya sami abinci. An soke tsarin, an maido shi, gwamnatin Kibaki ta sake soke shi cikin 2003. Da 'yan siyasa suka fara neman a maido shi, Farfesa Wangari ta fito fili ta ce ba da ita ba. Hujjarta mai ƙarfi ce. Ta ce itatuwan katako na ƙasashen waje, irin su itacen turare, gonar katako ce kawai, ba sa riƙe ruwa kamar dajin asali mai ciyayi da saiwoyi iri-iri. Ta ce kuma ta ƙofar shamba a ke shiga a ƙona gawayi, a yi farauta, a kafa bukka, daga nan fili ya zama na wani mai hannu da shuni. Duk wannan gaskiya ne, an kuma gani.

Amma mutumin da aka fitar daga daji yana da mata da 'ya'ya, kuma a gefen dajin Aberdare da Dutsen Kenya ya ke, watau a ƙasarta. Wakiliyar da ta fara da kukan murhu sai ga ta ana kallonta a matsayin mai kashe wutar murhun wasu. In za a hana mutum abin da ya ke ci yau saboda ruwan da birni zai sha shekara ashirin masu zuwa, wajibi ne a riƙo masa wani abu a ɗaya hannun, ko fili, ko aikin gadin dajin da albashi, ko wani kaso daga kuɗin ruwa da wutar da dajin ke samarwa. Gwamnatin da ta ke ciki ta yi hanin ba ta yi tanadin ba, ita kuwa muryarta ta fi ƙarfi a wajen hanin. Abin mamaki shi ne ƙungiyarta da kanta ta riga ta nuna hanya, domin itatuwanta sun rayu ne saboda a gonakin mutane su ke, mai gona ya san nasa ne. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun tabbatar da haka. Muddin itace na hukuma ne, malamin daji na cin tarar wanda ya taɓa shi, manomin Maraɗi da na Damagaram tumɓuke tohon ya ke yi tun yana ƙarami don kada ya jawo masa fitina. Daga tsakiyar shekarun 1980, da manoma suka fara sakin jiki cewa gawon da suka bari a gonarsu nasu ne, sai suka shiga barin toho suna yi masa aski. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da kadada wajen miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, galibinsu ba wanda ya dasa su. Kenya ma daga baya ta maido da shamba da sabon suna a ƙarƙashin dokar 2005, ta hannun ƙungiyoyin mazauna gefen daji.

Ran 8 ga watan Oktoba 2004, tana kan hanyar zuwa mazaɓarta, labarin lambar Nobel ya same ta. Ita ce mace ta farko daga Afirka da ta sami ta zaman lafiya. Wani zai zaci daga nan kujerarta ta kafu. Ina! Lambar ta mayar da ita 'yar duniya, yau tana Japan, gobe tana taron dazuzzukan Kwango, jibi tana shugabantar majalisar ƙungiyoyin jama'a ta Tarayyar Afirka. Mai jiran wakiliyarsa a Tetu da takardar kuɗin makarantar ɗansa a hannu bai ga abin da wannan ya ƙara masa ba. Sa'an nan ga ƙuri'ar raba gardama ta watan Nuwamba 2005 a kan sabon tsarin mulki, inda masu goyon baya suka ɗauki alamar ayaba, masu ƙi suka ɗauki lemo. Shugaba Kibaki ɗan Nyeri ne, mazaɓarsa ta Othaya na maƙwabtaka da Tetu, jama'ar yankin kuwa suna bayan ɗansu. Ita ta ƙi shiga kowane ɓangare, tana ganin abin zai raba ƙasa bisa ƙabila. Da gwamnati ta sha kaye, Shugaba ya rushe majalisar ministocinsa ya sake naɗa ta a muƙaminta na da, sai ta ƙi zuwa rantsuwa, ta ce a fara sasantawa da waɗanda aka kora. Cikin 2007 ta faɗi a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Shugaban Ƙasa, ta tsaya a ƙaramar jam'iyya, ta sake faɗi. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen wannan shekara ya ci rayuka fiye da dubu, bisa layin ƙabilar da ta yi gargaɗi a kansa.

Ban yarda da masu cewa mutanen Tetu butulu ne ko jahilai ba. Sun auna ta da ma'aunin da aka koya musu shekara arba'in: me ka kawo mana, kuma kana bayan namu ko ba ka bayansa? A wannan ma'auni ba ta cika mudu ba. Tambayar ita ce wa ya sassaƙa ma'aunin, kuma wa ke cin ribarsa. Ɗan majalisar da ya san da buhun shinkafa za a auna shi ba zai ɓata dare yana karanta daftarin doka ba, gwamnatin da ta san haka kuwa ta san farashin shirunsa. Kotun Ƙolin Kenya ta taɓo wannan cikin watan Agusta 2022, sa'ad da ta yanke hukunci cewa dokar asusun mazaɓu ta 2013 ta saɓa wa tsarin mulki, domin ta sa masu yin doka cikin aikin zartarwa. Mai sa ido a kan kashe kuɗi ba ya zama mai kashewa.

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye, tun da ya ke mu ma muna da namu ayyukan mazaɓu a kasafin kuɗin tarayya. Cikin watan Nuwamba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a bainar jama'a cewa an ware musu naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma, ba a kuwa ga alamarsu a rayuwar talaka ba. A shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin sawun ayyukan, ta riƙa gano gine-ginen da aka yasar da kayan asibiti da na noma da aka saya da kuɗin jama'a aka ɓoye. Mun san sauran: rijiyar burtsatse mai allo ya fi ta tsawon rai, keken ɗinki da babur da a ke rabawa a filin wasa, ɗakin shan magani da aka gina ba a tambayi ma'aikatar lafiya ko tana da ma'aikacin da za ta tura ba. Kowanne an ce don iyali ne. Amma iyalin da aka ba keke ɗaya cikin gida dubu, gobe matar gidan za ta sayi gawayi da tsada, gawayin kuwa daga dajin da ke tare mana hamada ya fito.

Ba wai majalisarmu ba ta yin dokoki masu amfani ba ne. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don makarantun firamare da ƙananan sakandare, sai dai jihohi da dama sun sha barin rabonsu a ajiye saboda sun kasa kawo nasu kason. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 don ƙananan asibitoci, amma kuɗin bai shiga kasafi ba sai 2018. Shekara huɗu doka na kwance! Cikin 2015 aka kafa hukumar ganuwar itatuwa don jihohi 11 na bakin hamada, cikin 2021 kuma aka sa hannu a dokar sauyin yanayi wadda Sam Onuigbo, ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Abiya, ya ɗauki nauyinta. Dokokin suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wakilin da zai bi su har ƙauye, ya kira Babban Sakatare gaban kwamiti ya tambaye shi asibiti nawa suka karɓi kuɗin, dashe nawa ya kai shekara uku da rai. Sashe na 88 na tsarin mulkin 1999 ya ba majalisa wannan iko na bincike, ba sai ta roƙa ba.

Ɗalibai masu karatun shari'a da mulki su kuma lura da wani bambanci. Tsarin mulkin da Kenya ta amince da shi cikin 2010, shekara uku bayan faɗuwar wakiliyar Tetu, shekara ɗaya kafin rasuwarta ran 25 ga watan Satumba 2011, ya sa tsabtataccen muhalli cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa a sashe na 42. Sashe na 69 ya ɗora wa gwamnati ta yi aiki har itatuwa su rufe aƙalla kashi 10 cikin 100 na ƙasar, na 70 kuma ya ba kowa damar zuwa kotu ba sai ya nuna asarar da shi kansa ya yi ba. Namu sashe na 20 shi ma ya ce gwamnati za ta kare ruwa da iska da ƙasa da daji, amma yana cikin babi na biyu, wanda tsarin mulkin da kansa ya ce kotu ba ta tilasta shi kai tsaye, sai lauya ya zagaya ta wata ƙofa. An yi wa tsarin mulkin 1999 gyare-gyare sau da dama, wannan sashe yana nan yadda ya ke. Har jakar leda da ta yi ta kuka a kanta tun tana ofis, Kenya ta haramta ta cikin watan Agusta 2017, ita kuwa tana ƙasa shekara shida.

Saboda haka ina da roƙo ɗaya, ga akawunan majalisunmu na tarayya da na jihohi, da kuma abokan aikina 'yan jarida. A ofishin akawu akwai rajistar halartar zama, akwai jerin ƙudurorin da kowane wakili ya gabatar, akwai rahotannin kwamitoci. Takardun jama'a ne, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ɗan ƙasa ikon neman irinsu daga hukumomin tarayya. A riƙa buga su da Hausa a ƙarshen kowace shekarar majalisa, mazaɓa bayan mazaɓa, a karanta a rediyo: kwana nawa wakili ya zauna, wace doka ya kawo ko ya gyara, wace ma'aikata ya bincika, me binciken ya gano. A gefe guda kuma a jera ayyukan mazaɓar da aka sa a kasafi da sunansa, da kuɗin kowanne, da sunan ƙauyen da aka ce an yi shi, domin mutanen ƙauyen su fita su duba ko yana nan.